Karatun Ashi'a a Ƙaramar Jami'a: A Fara Tambayar Inda Na'urar Take

Duk lokacin da sakamakon shahadar Sudan, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, gidajen Hausawa daga Gadarif zuwa Kasala, daga Mai Wurno zuwa Damazin, sukan shiga shawara kusan iri ɗaya. Yaro ya karanta ɓangaren kimiyya, ya ci, amma makinsa bai kai na likitanci ba. Sai wani kawu ya ce a tura shi ashi'a, wato aikin ɗaukar hoton cikin jiki da gasa ciwon daji da haske, tunda ai nan ma asibiti ne, kuma an ce Saudiyya na ɗaukar masu wannan takarda. Daga nan a zaɓi kwalejin da ta fi kusa da gida ko ta fi rangwamen kuɗi, a biya, a yi addu'a. Shawarar ba ta da aibi. Abin da ke damuna shi ne ana yanke ta ba tare da an san cewa sana'a biyu ce ke zaune a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Ƙaramar jami'a tana iya koyar da ɗaya daga cikinsu da kyau. Ɗayar kuwa sai da sharaɗin da, a halin da ƙasar ke ciki, kaɗan ne ke iya cika shi.

Ta farko ita ce ɗaukar hoto don gano cuta. Tun ranar 8 ga Nuwamba 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire, tushen aikin bai canja ba: haske ya fito daga bututu, ya ratsa jiki, ƙashi ya tare mafi yawansa, tsoka ta tare kaɗan, iskar huhu ta bar shi ya wuce, abin da ya tsira ya zana inuwa a kan faranti. Na'urar CT wannan hasken take amfani da shi, sai dai tana zagaya jiki, kwamfuta ta haɗa hotunan yanka-yanka. MRI kuwa da maganaɗisu mai ƙarfin gaske take aiki, shi ya sa ba a shiga ɗakinta da ko tsinken ƙarfe. Sikanin masu ciki da sauti ake yin sa. Waɗannan biyun na ƙarshe babu hasken da ke ratsa ƙwayoyin jiki a cikinsu, amma duk a kwaleji ɗaya ake koyar da su.

Iyaye su fahimci wani abu tun da wuri don kada a yi rigima daga baya. Wanda ya gama wannan karatu ba likita ba ne. Shi ne ke ɗaukar hoton, likitan hoto ne ke karantawa ya rubuta rahoto. Wannan ba raini ba ne ga aikin. Likita komai iliminsa ba zai ga abin da hoto bai kama ba, kuma a asibitin ƙauye, inda babu likitan hoto ko kusa, mai ɗaukar hoton ne farkon wanda idonsa ke sauka a kan karaya ko tabon tarin fuka.

A ɗauki hoton ƙirji, wanda ya fi kowane yawa a rana. An kawo tsohuwa daga wani ƙauyen bakin Kogin Nilu, Larabcinta bai wuce na cefane ba. Dole ta tsaya ƙirjinta manne da farantin, haɓa a sama, hannuwa a ƙugu, kafaɗu an turo su gaba don allon kafaɗa ya kauce daga kan huhu. Bututun yana bayanta, nisan kamar santimita 180. Sarƙar wuya, laya, tsinken mayafi, duk sai an cire, don kowanne zai fito a hoton ya rufe abin da ake nema. Sannan a ce ta ja numfashi ta riƙe. In ba ta gane ba ta saki, hoton ya lalace, sai an sake, ta sha haske sau biyu a banza. Yanzu a ce yarinyar da ke bayan na'urar ta matso ta ce, “Inna, sannu da hanya. Ki ba ni layar nan in riƙe miki, yanzu zan mayar. Jingina nan. Ja numfashi sosai, riƙe, kada ki saki sai na ce.” Hoto ɗaya ya isa. Ina ganin wannan kaɗai ya isa hujjar a samu 'ya'yanmu da yawa a wannan fanni, musamman mata, domin akwai matan da sun gwammace su koma gida da ciwonsu da a ce namiji baƙo ne zai gyara musu tsayuwa ko ya ɗauki hoton nononsu.

Irin wannan ƙwarewa ƙaramar jami'a na iya bayar da ita, wani lokaci ma fiye da babba. Abin da ɗalibi ke bukata a shekarun farko shi ne ya san sassan jiki kamar yadda ya san lungunan unguwarsu, ya san fiziyar haske, wato kimiyyar yadda hasken ke aiki, ya san yadda ake daidaita ƙarfin wuta gwargwadon kaurin jikin mutum, sannan ya yi ta maimaita jera marasa lafiya har hannunsa ya saba. Inda ɗalibai ba su da yawa, layi na zagayowa kan kowa. Inda suka yi cincirindo a ɗakin hoto ɗaya, wasu sai dai su leƙa ta kafaɗar wasu. Ga sauƙin rayuwa, ga yarinya tana kwana a gidansu ko gidan gwaggonta, wanda sau da yawa shi ne sharaɗin da uba zai yarda ta yi karatun tun farko. Tun daga 1990 da aka faɗaɗa ilimi mai zurfi a Sudan, jami'o'in jihohi da kwalejoji masu zaman kansu suka yawaita, suka buɗe ƙofa ga gidajen da a da ba su da halin tura yaro Khartum, inda tsohuwar kwalejin ashi'a take a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan.

Amma duk wannan ya rataya ne a kan asibitin da kwalejin ke kai ɗalibanta. Ginin kwaleji da allon sunanta ba su ne abin dubawa ba. A je a tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe, ba ofishin rajista ba: wane asibiti kuke zuwa, kwana nawa a mako, ana barinku ku taɓa na'ura ko kallo kawai kuke yi, na'urar CT ɗin da ke garin tana aiki ko ta daɗe a rufe? Ɗalibin da ya gama bai taɓa zama gaban allon CT ba, yana iya samun aiki a ƙaramin asibiti, amma ranar da ya nemi babba, a gida ko a waje, nan za a gane. Da yawa sukan cike giɓin da ƙarin karatun sikanin sauti bayan digiri, kuma hanya ce mai kyau, don na'urarsa ba ta da tsadar sauran kuma bukatarta ba ta yankewa a duk inda mata ke haihuwa.

Sana'a ta biyu ita ce gashin ciwon daji, kuma a nan ne nake so a tsaya a natsu.

Mai hoto yana ƙoƙarin ba da haske mafi ƙanƙanta da zai fitar da hoto mai kyau. Mai gashi kuwa da gangan yake ba da haske mai kisa, ga wuri ɗaya tak. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira gire. Gire huɗu zuwa biyar in suka sauka a kan dukkan jikin mutum lokaci guda, suna iya kashe rabin waɗanda suka samu idan babu magani. To mai ciwon daji na maƙogwaro ana iya ba shi gire 60 zuwa 70 a kan ƙarin da ke wuyansa. Abin da ya sa yake rayuwa shi ne ana saita hasken a kan ƙarin kaɗai, kuma ana rarraba shi: kamar gire 2 a kowace jalsa, wato zaman gashi ɗaya, kwana biyar a mako, har mako shida zuwa bakwai. Hasken yana karya ƙwayar gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki. Lafiyayyun ƙwayoyi sun fi iya gyara kansu tsakanin jalsar yau da ta gobe, na daji kuwa ɓarnar tana taruwa musu har su kasa hayayyafa. Shi ya sa in na'ura ta lalace a tsakiyar magani aka yi makonni ana jira, asarar ba ta lokaci kaɗai ba ce. Ƙwayoyin dajin da suka rage suna amfani da hutun su sake yaɗuwa.

Aikin na ƙungiya ne. Likitan daji ya shata inda za a gasa da adadin da za a bayar. Masanin fiziyar asibiti ya lissafa ta inda hasken zai shiga don ya kauce wa laka, ido ko zuciya, ya kuma tabbatar na'urar na fitar da daidai abin da ta ce tana fitarwa. Sannan ma'aikacin gashi, wanda shi ne ɗalibinmu zai zama, ya aiwatar da shi kullum. In ciwon a kai ne ko wuya, akwai wata raga ta roba da ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi, a shimfiɗa a fuskar mara lafiya, ta huce ta ɗauki siffarsa. Kullum ya zo sai a kwantar da shi, a ɗaure ragar a jikin gado, a daidaita jikinsa da layukan haske da ke fitowa daga bango har su hau kan alamomin da aka yi masa. Kuskuren 'yan milimita abin lissafi ne a nan. Daga nan kowa ya fita, a rufe ƙofa, a bar shi shi kaɗai a ɗakin da kaurin kankarensa ya haura mita, ana kallonsa ta kyamara ana yi masa magana ta lasifika. Mutumin da fuskarsa ke ɗaure, makogwaronsa ya fara zafi tun mako na uku, in ya ji muryar da ke ce masa da harshensa, “Baba, saura kaɗan, kada ka motsa, ina ganinka,” ba ƙaramin abu aka yi masa ba. Hoto in ya ɓaci ana sakewa. Gashi kuwa kamar almakashin tela ne a kan yadi, abin da aka yanka ya yanku.

To wannan aiki ina ake koyon sa? Ba a allo ba, ba a waya ba. Sai a gaban na'ura mai aiki, ƙarƙashin idon wanda ya daɗe yana yi. Kuma na'urorin gashi a Sudan tun kafin yaƙi ana iya ƙirga su da yatsu, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 40, alhali kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Babbar cibiya ita ce asibitin Zarra da ke Khartum, wanda aka buɗe a 1967. Sai cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda ta fara karɓar marasa lafiya a 1999, kuma ita ce ta fi kusa da mutanenmu na Jazira, Sinnar, Gadarif da Nilu Shuɗi. Akwai kuma cibiya a Shandi da wata a Marawi can arewa. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar daga 1997 zuwa 2017 ya sa samun kayan gyara ya yi wuya shekara da shekaru. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojoji da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Aiki ya tsaya a Khartum, marasa lafiya suka kwarara Madani. A Disambar shekarar Madani ma ta faɗi, mai hali ya nufi Marawi ko Masar, marar hali ya koma gida. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, Khartum a Maris, amma dawowar gari daban, dawowar na'ura daban. Tana bukatar injiniya, kayan gyara, wuta tsayayya, da masanin da zai sake auna ta kafin a yarda a kwantar da mutum a ƙarƙashinta.

Nau'in na'urar ma abin tambaya ne. Tsohuwar ita ce ta kobal, mai ɗauke da wani ɗan dunƙulen sinadari da ke fitar da haske dare da rana, ana buɗe masa ƙofa ne kawai a rufe. Tana da juriyar ƙura, zafi da ɗaukewar wuta, shi ya sa ta daɗe tana yi wa ƙasashe irin namu hidima. Sai dai ƙarfin dunƙulen yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a wata, don haka jalsa na ƙara tsawo har sai an canja shi. Sabuwar ita ce linak, wadda ke haɗa haskenta da wutar lantarki, in an kashe ta ya ɗauke. Ta fi iya bin siffar ƙari ta kare abin da ke gefensa, amma ba ta haƙuri da wuta mai rawa ko rashin sanyaya. Manyan asibitocin Saudiyya da linak suke aiki. Wanda ya koya a kan kobal ya samu tushe mai kyau, sai dai ya sani akwai sauran koyo a gabansa.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Kwalejin da ta ce tana koyar da gashi, a tambaye ta wace cibiya ce ta amince a rubuce za ta karɓi ɗalibanta, na'urar wurin tana aiki a wannan watan da muke ciki, kuma wa zai ɗauki nauyin zaman ɗalibi a can. Jami'o'i da yawa sun koma darasi ta intanet ko sun yi ƙaura zuwa garuruwan da ke da zaman lafiya, kuma sun kyauta da ba su bar yara a zaune ba. Amma in amsar waɗannan tambayoyi ta zama “in sha Allahu za a shirya”, gara yaro ya ɗauki ɓangaren hoto ya ƙware, ya nemi gashi daga baya idan hanya ta buɗe. Ƙasar na matuƙar bukatar masu gashi, kuma za ta ƙara bukatarsu ranar da aka sake gina cibiyoyin. Bukatar ta waɗanda hannunsu ya taɓa aikin ce.

Akwai tsoron da ke hana gidaje da yawa barin 'ya'yansu mata, har da maza, wai ashi'a na hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, amma lissafi bai goyi bayansa ba. Hasken da ma'aikaci ke samu ana auna shi da milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa, duwatsu, iska da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ga wanda aka ɗauka ba, CT na ciki kuwa yana kai kusan 10. Iyakar da ƙa'idar duniya ta sa wa ma'aikaci ita ce 20 a shekara in aka ɗauki matsakaicin shekara biyar, kuma wanda ke tsayawa bayan garkuwa yadda aka koya masa ba ya kusantar wannan iyaka. Abin da ke kashe ƙwan mace ko na namiji har abada kuwa yana cikin dubbai, a lokaci guda. Ma'aikaciyar da ta samu ciki ana so ta sanar da wuri, a gyara mata aiki yadda abin da zai kai ga ɗan tayin ba zai haura milisibat 1 ba har ta sauka. Mara lafiyar da aka gasa da na'ura ma ba ya ɗauko haske ya kawo gida. A ci abinci kwano ɗaya da shi, jikokinsa su hau cinyarsa. Wanda aka ba sinadarin aidin ya sha don ciwon maƙoƙo ne ake ce wa ya ɗan nisanci mutane na wasu kwanaki.

Haɗarin gaske yana wurin sakaci. Ɗakin hoton da bangonsa babu dalma, ƙofar da ba ta rufuwa, ma'aikacin da ke riƙe yara da hannunsa kullum maimakon ya sa wa uwa rigar dalma ta riƙe, ɗan abin awon hasken nan da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji wanda aka jefa a aljihun tebur ba a taɓa aika shi an karanta ba. Abubuwa uku ake nanata wa ɗalibi: rage lokaci, ƙara nisa, shiga bayan garkuwa. In ka ninka nisanka daga bututu, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kwalejin da ke tura ɗalibai asibiti ba tare da ta damu da wannan abin awo ba, ta riga ta nuna irin tarbiyyar aikin da za ta ba su. Kuma a ƙasar da aka wawashe asibitoci, kowane ɗalibi ya kamata ya san abin da ya faru a garin Goiânia na Brazil a 1987. Wasu masu neman ƙarfen gwangwan sun ɗauko kan na'urar gashi daga wani asibitin da aka bari, suka fasa shi, garin sinadarin da ke ciki mai sheƙi ya bi hannun jama'a. Mutum huɗu suka mutu, aka gwada sama da dubu ɗari. Yaron da ya karanci ashi'a shi ne zai iya ce wa mutanen unguwa kada su taɓa ƙarfen da ke ɗauke da alamar gargaɗin ashi'a, mai fukafukai uku.

Saura maganar Saudiyya, wadda ita ce a zuciyar kawun nan da ya kawo shawarar, musamman ga masu 'yan'uwa a Makka, Jidda da Madina. Babu mai aikin lafiya a can sai da rajistar Hukumar Fannonin Lafiya ta Saudiyya. Ita ce ke ajiye mutum a matakinsa: mai difloma a matakin ƙasa da ake kira “fanni”, mai digiri a na sama da ake kira “ahissa'i”, wato ƙwararre, kuma tazarar albashi tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Wanda zai iya jure kuɗin digiri kada ya yanke a difloma don gaggawa. Akwai jarrabawar ƙwarewa da ake zaunawa a kwamfuta, ana kuma neman shaidar aiki bayan kammala karatu da rajistar majalisar sana'o'in lafiya ta ƙasar da mutum ya fito. Sannan kasuwar ba kamar da take ba. Jami'o'in Saudiyya suna yaye nasu, kuma daga 2025 gwamnati ta ɗaga kason 'yan ƙasa a aikin ashi'a na asibitoci masu zaman kansu zuwa kashi 65 cikin ɗari. Guraben da suka rage ga baƙi sun fi karkata ga wanda ya iya abin da ake ƙarancinsa, kamar MRI, CT ko gashi da linak.

Matakin da ƙanƙantar jami'a ke iya zama cikas shi ne tantance takardu. Kamfanin DataFlow ne ke yi wa hukumar wannan aiki, kuma yadda yake yi shi ne ya tuntuɓi jami'ar kai tsaye ya tambaya ko ita ta ba da shahadar. In ofishin jami'ar ya tarwatse, ko babu mai duba saƙo ya amsa, takardar mutum na iya maƙalewa watanni duk da cewa ta gaskiya ce. Don haka kafin a biya kuɗin shekarar farko, a tabbatar Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta amince da wannan fanni ɗin a wannan kwalejin, ba da kwalejin kawai ba, a kuma nemi wani da ya gama can a ji ko takardarsa ta wuce tantancewa. Ɗalibi kuma tun daga shekarar farko ya riƙa karɓar sakamakon kowane zango da hatimi a kai, ya sa shugaban sashen hoto na asibitin da yake horo ya sa masa hannu a littafin ayyukan da ya yi, ya ɗauki hoton kowane shafi ya aika wa wani ɗan'uwa da ke zaune a wani gari.